Ba Za Ta Koma a Rame Ba

"Wannan ce ɗiyar da na ba ka?"

Inna Dije ta kama damtsen Mubaraka ta ɗaga, kamar mai taya akuya a kasuwa. Kamal ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, lokotoro ne, likitan asibiti, yac ce ta rage jiki. Ƙiba ta kawo mata tansiyo, hawan jini ke nan. Da ƙyal anka cece ta wajen haihuwa..."

"Ƙiba ciwo ce? To ni da na kai haka ban mutu ba."

Mubaraka ta rungume jaririnta Yasir, ta rasa inda za ta sa ido. Ita ce autar Inna, wadda tun tana ƙarama ake ɗura wa fura da man shanu har ta zama abin nuni a Gesheme. A Dogon Dutsi kuwa Kamal ne ya daina cin soye don kada ta ci, shi ke raka ta tattaki bayan la'asar mutane na yi musu dariya. Ba ta taɓa son wani kamarsa ba.

Inna ta ce jego a gida za a yi shi. Da za su shiga mota, Kamal ya raɗa mata, "Zuciyata, ban da kanwa, ban da mai. Ki yi mini alkawari."

"Na yi."

Alkawari a bakin mota ba wuya. Wuyar tana gaban ƙwarya. Da safe kunun kanwa, da rana ƙauri yana ninƙaya a mai, da yamma tuwon hatsi da man shanu. Har da wasu 'yan ƙwayoyin kasuwa masu buɗe ciki.

"Inna, an hana ni..."

Tsohuwar ta zauna ta fashe da kuka. "So kike a ce na kasa riƙon ɗiyata? Ki koma gidan miji kamar kara, dangin shi su yi da ni?"

Wa ke iya kallon hawayen uwa? Mubaraka ta ɗauki ludayi.

Kumatu suka dawo, maƙwabta suka yi ta sa albarka. Ƙafafu suka kumbura, aka ce hutu ne. Kai yana sara mata, numfashi yana yi mata wuya, amma in Kamal ya kira sai ta gyara murya.

"Kina kiyayewa, masoyiyata?"

"Ina kiyayewa."

Ranar da ya zo ɗaukarta, tana miƙewa don ta tarbe shi sai ta zube a tsakar gida.

A asibiti ta farfaɗo, bakinta ya karkace. Kamal na gefenta, idanunsa jajur, bai yi mata maganar alkawari ba. Wannan ya fi yi mata ciwo. Inna na rakuɓe jikin bango, goye da Yasir da ke tsala kukan yunwa.

"Ba ni shi," in ji Mubaraka da ƙyar. "Ka ɗora mini shi a hannu."

Kamal ya kwance yaron, ya kwantar mata da shi a kan hannun hagu, ya tallafe.

Ta jira. Ta ƙara jira, tana kallon rufin ɗakin, ba ta ji nauyin komai a hannun ba.

"Kamal... ka ɗora mini shi mana."

Inna Dije ta toshe bakinta da gefen zane, ta sulale ƙasa.