Ɓarawon Wa'azin Fasto

Ranar Lahadi da aka tashi daga sujada, Fasto ya shigo gida ko takalmi bai cire ba, ya baje takardun wa'azinsa a kan tebur yana ƙirgawa. Shafi goma sha takwas ya rubuta. Bakwai ya samu.

"Karo na shida ke nan," ya ce wa matarsa. "Sata a ɗakin Ubangiji, rana tsaka."

Tun yana makarantar fastoci ya ɗauko wata ɗabi'a. Saura awa guda a fara sujada zai ɗora wa'azinsa a kan mumbari, ya danne da Littafi Mai Tsarki, ya shige ƙaramin ɗaki ya rufe ido yana addu'a. A tsakanin nan ake yi masa ɗauki ɗaiɗai. Sai ya hau ya fara karatu ya ga daga shafi na uku ya faɗa na tara, kafin ya ankara ya iso Amin, gumi na karyo masa.

"Lahadi mai zuwa a aljihuna zai zauna," ya ce. "Kuma duk abin da aka sace sai na sake rubuta shi na haɗa, dattawa su ji abin da suka rasa."

Gaban matar Fasto ya faɗi. Watansu goma sha ɗaya a wannan coci, kuma bisa ƙa'ida sabon fasto shekara guda yake yi ta gwaji. Ranar Lahadi mai zuwa dattawan coci za su zauna su yanke ko ya zauna ko ya ɗaure kaya. Sau uku ta ɗaure kaya cikin shekara huɗu, ta gaji har cikin ƙashinta. 'Ya'yanta biyu sun saba da makaranta, ita kuma ta san duk inda rufin gidan yake yoyo, ta ware wa kowane wuri bokitinsa. Ba ta son tashi.

Ranar Litinin ta jera shafukan da suka tsira kusa da littafin da yake fara tsara wa'azi a ciki, ta bi su layi-layi. Nan ta ga ɓarawon zaɓe yake yi. Ya cire dogon bayanin wata kalmar Helenanci, wato yaren Girka, ya cire labarin yadda Fasto ya zo na ɗaya a aji, ya cire "daga ƙarshe" guda biyu ya bar ɗaya. Abin da ya rage kuwa ya haɗu sumul, ko ɗinkin ba a gani.

Ta fara da mai gadi.

"Baba, wa ke shiga coci kafin sujada?"

"Mawaƙa su ɗauki ganguna su fita. Magatakarda ya buɗe tagogi. Iya ta canza ƙyallen mumbari, amma wa zai saka Iya a lissafi? Sai ni."

"Kai ka taɓa takardun?"

"Ni da nake sa hannu da babban yatsa? In ɗauka in yi me da su?"

Ta cire shi, tunda wanda bai iya karatu ba ba zai iya zaɓe ba.

Shugabar mawaƙa tana da dalili, domin dogon wa'azi shi ke cinye mata waƙoƙi.

"Kin san komai a kan satar nan?"

"Na san ina yi wa mai yin ta addu'a," ta ce ko kunya babu. "Amma da ni ce, duka zan kwashe, ba zan bar bakwai ba. A lokacin ma ina bayan coci da mutum ashirin muna gwaji. Tambaye su."

Ta tambayi uku, bakinsu ya zo ɗaya.

Magatakarda, dattijo mai riƙe da makullai, tana ɗauko maganar ya dafe kai.

"'Yata, jikoki tara ne a gidana. Wa'azin mijinki shi ne kaɗai barcin da nake samu a mako. Tunda aka fara satar nan, da na fara gyangyaɗi sai in ji Amin. In kin kama shi, ki fara kawo mini shi."

Tana wanki ranar Laraba amsar ta zo mata, har ta tsaya da riga a hannu. Duk abin da ɓarawon ya cire, shi ne abin da ita kanta ta shekara biyar tana son cirewa, kunya ta hana ta. Irin wannan ido sai wadda ta zauna a bencin gaba shekara da shekaru, tana kallon mijinta yana magana jama'a suna hamma. Matan fasto kuwa biyu ne a cocin: ita, da Iya, matar tsohon faston da ya rasu.

Ta sami Iya a ɗakinta tana gugar ƙyallen mumbari. Bayan gaisuwa ta zauna a ƙasa, ta zayyana mata dalilanta ɗaya bayan ɗaya.

Iya ba ta musa ba. Ta ajiye dutsen guga, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Cike yake da takardu ɗauri-ɗauri, sun yi ja don tsufa.

"Na mijinki ne a sama. Sauran na marigayi ne, na shekara talatin. Har ya koma ga Ubangiji yana tsammanin mantuwa ce ke damunsa, jama'a kuma suna yabon hikimarsa."

"Iya, me ya sa ba ki yi wa Fasto magana ba?"

"Yaro mai sabon ilimi? Fastoci biyu aka sallama kafin ku, duk a kan dogon wa'azi, kuma duk na yi musu magana. Ku ma tun wata biyu da suka wuce aka rubuta takardar sallamarku. Da wa'azi ya gajarce aka jefa ta a aljihun tebur." Ta rufe akwatin. "Ban so in ga yaran nan a bayan mota a kan katifa ba."

Matar Fasto ta ji hawaye ya cika mata ido. Ta zo kama ɓarawo, ta ƙare da godiya.

"Amma Iya, ya ce wannan karon a aljihu zai sa."

"To, mumbari ne hurumina. Aljihun miji kuwa naki ne."

Ba ta bi ta aljihu ba. Da ta koma gida ta tarar da shi ya kai shafi na talatin da ɗaya, ta zauna a gabansa ta faɗa masa komai, har da takardar sallama. Ya ɗago kai ya dube ta.

"Har da ke kike ganin ya yi tsawo?"

"Tun wa'azinka na farko, maigida. Ita ta yi sata, ni na yi shiru. Ban san wanda ya fi laifi ba."

Ya kalli tarin takardun kamar mai rabuwa da ɗan fari, sannan ya tura mata su, ya miƙa mata biro.

Ranar Lahadi minti ashirin ya yi. Dattawa suka shiga zama, ba a jima ba suka fito da hukunci: Fasto ya zauna. Mutum ɗaya ne ya ƙi ɗaga hannu, kuma idonsa jajir yake don rashin barci.

A hanyar gida babbar 'yarta, wadda ta saba da yadda shekara ke ƙare musu, ta ja mata zane.

"Mama, in je wurin mai shago in ce ya fara tara mana kwalaye?"

"Je ki," ta ce. "Ki ce masa ya sayar da abinsa, bana ba ma bukata."