Gadon Da Ya Miƙe Gabas

"Nuraddeen, ɗauko mini jakata. Maida ni ƙauyenmu, Kashin Zama."

Murjanatu na tsaye da kwanon fura a hannu, goyo a baya.

Ko minti biyar Inna Gudiya ba ta yi a gidan ba fa!

Ku tsaya ku ji. Inna Gudiya ita ta haifi Nuraddeen, kuma shekara biyu da auren nan ba ta taɓa taka gidansu na Jega ba. Husna ɗiyar ƙanenta Inna ta so ya aura, shi ko ya kafe sai Murjanatu ɗiyar mahauci. Ko sunan ɗansu ba ta zo ba. Sai da yaro ya yi wata huɗu ta aiko wai za ta zo ganin likitan ido, ta kwana biyu.

Wayyo murna! Murjanatu ta sa aka kwashe buhunan albasa daga ɗakin baƙi, ta wanke shi sau uku. Aka yi fenti ruwan madara, aka shimfiɗa leda sabuwa. Labule mai kauri saboda rana, katifa mai ɗan tauri don bayan tsohuwa, darduma, buta, har 'yar randa a lungu, don ta ji an ce Inna ba ta shan ruwan firij. Ana gobe zuwa Husna ta taho daga Aliero wai taya aiki. Ita ta ce a juya gadon, kai ya koma gindin taga, ya fi shan iska.

"Inna, mi yaf faru?" in ji Nuraddeen.

"Nuna mini gabas cikin ɗakin ga."

Ya ɗaga hannu ya nuna... daidai ƙafar gado.

"Tun da uwata ta haihe ni ban taɓa miƙa ma alƙibla ƙafa ba. Sai yau, gidan matarka?"

"Ai Inna, kowa da tarbiyyar gidansu," in ji Husna daga bakin ƙofa.

Murjanatu ta dube ta. Magana ta zo har bakinta, ta haɗiye. Ta ajiye kwanon, ta durƙusa.

"Inna, kuskurena ne. Ki yi haƙuri, yanzun ga zan gyara."

Ta kama gadon ta ja. Katako ne mai nauyi, ko motsi bai yi ba. Nuraddeen ya tuɓe hula.

"Saki nan, hasken idona, ni zan ɗauki nauyin."

"A gaban Inna?" ta faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Gaban kowa ma!"

Suka ja tare. Gado ya daki bango, garam! Yaro ya tsanyara kuka.

"Kai! Za ku kashe yaron mutane! Ke, kwanto shi!"

Haka Inna ta karɓi jikanta, karon farko, tana faɗa tana jijjiga shi.

"Ja hagu! Hagu na ce, Nuraddeen, ko albasa ta cinye maka kunne? Ƙara... tsaya!"

Sai ta tsaya tana kallon ƙasa. Ƙafafun gadon sun faɗa cif cikin wasu ramuka huɗu da suka loɓa a jikin ledar.

"Da can nan gadon yake?"

Ta ɗago kai ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya juya shi?"

Murjanatu ta sunkuyar da kai. Nan take Husna ta tuna motar Aliero na shirin tashi, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

Inna ta daɗe tana duban ƙofar. Sannan ta zauna bakin katifa, ta danna ta da tafin hannu, ta ɗaga yaron sama.

"Wanga miji nawa, goshi duk na mahauta... amma dai ya yi. Nuraddeen, ka aika ƙauye a ce ma Salma maƙwabciyata ta kula mini da awaki sai na dawo. Ku fita ku ba mu wuri, ni da angona."

A tsakar gida hawaye suka ɓalle wa Murjanatu. Nuraddeen ya share mata da bakin rigarsa.

"Mi ya hana ki faɗi Husna ce?"

"Ɗiyar ƙanenta ce fa. Da wa za ta yarda?"

"Allah Ya bar mini ke, Murjata..."

"Ke ɗiyata!" Muryar Inna ce daga ɗaki.

Murjanatu ta daskare. Ɗiyata?

"Sheƙo da wani zane! Angon ga ya jiƙe ni sharkaf!"

Ta kwasa da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.