Giram Casa'in

"Ba zan huda ba," in ji mai gyaran, ko ɗago kai bai yi ba.

Injiniya ta tsaya a bakin shagon riƙe da kekenta, tana zaton kunnenta ne bai ji daidai ba. Ita ce fa ta zo ta ɗaya a ajinsu a jami'a, mace tilo cikin maza arba'in, tun daga nan sunan Injiniya ya bi ta. Ga takarda a hannunta, ta zana inda za a huda ƙarfen feda wuri shida don keken ya rage nauyi. Saura wata biyar a yi babban tseren hawa dutse. Kekenta kilo goma sha uku ne, na abokan karawarta kuwa da ƙyar suke kai goma.

Ta ce masa ta yi lissafinta tsaf. Ya ce bai musa ba, lissafin daidai ne a kan takarda, sai dai takarda ba ta taɓa dirowa daga kan dutse da mutum a bayanta ba. A lokacin ya ɗago. Dogo ne, baƙin mai har gwiwar hannu, idanunsa a natse kamar ba shi ya gama ɓata mata rai ba. 'Yan keke suna kiransa Sikeli, saboda wani ɗan ma'aunin kicin da ke kan teburinsa. Ko noti ne sai ya auna kafin ya ɗaura.

Ta ja kekenta ta tafi tana huci. Shago uku ta zaga, kowanne ya ce a kawo, yanzu za a huda, wani ma har ya ɗauko abin hudawa bai ko dubi zanen ba. Kwana biyu sai ga ta ta dawo.

"Duk sun yarda," ta ce, tana kallon gefe. "Shi ya sa na dawo."

Bai yi mata dariya ba. Kujera ya jawo mata, ya goge da hannun rigarsa.

Haka aikin ya fara. Suka cire tub daga cikin tayoyin, suka zuba ruwan da ke toshe huda da kansa. Giyar gaba guda uku ta koma ɗaya. Ya saƙa mata sababbin ƙafafu da hannunsa, sifok bayan sifok, wato siraran wayoyin ƙafar keke, yana kaɗa kowanne da farce yana sauraron amonsa. Duk abin da aka sauya, sai ya rataye keken a babban ma'auni ya rubuta sabon nauyin a bango da alli. Goma sha uku ta koma goma sha biyu, ta koma goma sha ɗaya. Ita ke kawo lissafi, shi ke kawo kunne, kuma kusan kullum sai sun yi musu. In ta ci gardama ya kira ta ranki ya daɗe, in ya ci ta kira shi Malam Sikeli mai taurin kai.

Wata ranar Talata saƙo ya shigo wayarta:

"Ranki ya daɗe, yau na cire giram ɗari biyu daga kekenki. Na rasa inda zan ajiye su, sai na ji sun koma ƙirjina. Ki zo ki kwashi kayanki."

Ta karanta sau huɗu. Ta rubuta, ta goge, sannan ta tura:

"Malam Sikeli, ba a koya mini wannan lissafin a makaranta ba. Gobe ƙarfe huɗu za ka yi mini bayani."

Baba tsohon shugaban makaranta ne, ya daɗe yana kawar da kai daga zancen keke, yana cewa haukan auta ne, zai wuce. Amma da Umma ta tsegunta masa zancen mai gyara, sai ya ajiye jaridarsa. Ya ce bai kai 'yarsa jami'a don ta ƙare a rumfar mai faci ba. In ma keken take so, ga ɗan amininsa nan, mai babban kantin kayan wasanni, yaro mai ladabi, shekara biyu yana zarya gidan. Ba dole zai yi mata ba, amma ta sani da bakinsa ba zai ce ya amince da wancan ba.

Mai Kanti ba mugu ba ne. Saura mako biyu tsere ya kawo mata kyauta: sabon kan keke, wato sandar da ake riƙewa, na kabon ba na ƙarfe ba, baƙi wul, ba nauyi kamar karan dawa. Cikin wasu kaya ya zo masa, an ɗan yi amfani da shi amma ko ƙwarzane babu. A lokacin lambar da ke bangon Sikeli kilo goma ce da giram tamanin, ta kafe a nan ta ƙi motsi. Injiniya ta ɗora sandar a ma'auni. Ta fi tsohuwar sauƙi da giram casa'in. Keken zai sauko ƙasa da goma.

Sikeli ya karɓa, ya ɗauki ƙaramar sifana yana ƙwanƙwasa ta a hankali tun daga wannan baki, kunnensa a manne. Amon yana fita tas, tas, tas. Da ya iso tsakiya, inda ake damƙe ta da noti, sai amon ya mutu. Ya sake, ya sake. Ya ce wanda ya fara amfani da ita ya ɗaure ta fiye da kima, ta tsage ta ciki. Ba zai ɗaura ba.

Ta haska da fitilar waya, ta shafa, ba ta ga komai ba. Ta tambaye shi ko da wani ne ya kawo ban da Mai Kanti, da kunnen nasa zai ji wannan tsagar.

"Ina kishi, ban ɓoye ba," ya ce. "Amma kunnena ba ya kishi."

Ta ce to keken nata ne, wuyan ma nata ne. Ta tura abinta gida, ta ɗaura sandar da hannunta a tsakar ɗakinta. Ya kira har ya gaji. Ana gobe tsere ya turo:

"Injiniyata, ki yi fushi da ni shekara guda, na yarda. Amma ki mayar da tsohon kan. Giram casa'in bai kai rabin kofin ruwa ba. Don Allah."

Ta karanta, ta kife wayar.

Ranar tsere keken ya tashi da ita kamar ba ƙarfe ba. A hawa na farko ta wuce mutum biyar, a na biyu ba kowa a gabanta. Duk zagaye sai ta hango Sikeli, ba wurin da jama'a suka taru ba, can gindin wata gangara mai duwatsu, shi kaɗai, hannuwansa a kansa. Ya san inda abin zai faru, ya je ya tsaya yana jira, don ba abin da ya rage masa sai tsayuwar.

A zagaye na uku ta diro daga dutsen, ta ji ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Rabin sandar ya biyo hannunta na dama. Daga nan ba ta tuna komai sai ƙamshin baƙin mai a rigar wanda ya sungume ta.

Ƙashin wuyan hannu ya karye gida uku, jijiya ta tsinke. Tana can ɗakin tiyata Baba ya tsaya a barandar asibiti ya tambayi wanda ya haɗa keken. Sikeli ya ce shi ne. Baba, wanda ko ɗalibi bai taɓa zagi a bainar jama'a ba, ya wanke shi tas a gaban kowa, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa kusa da 'yarsa. Sikeli ya sunkuyar da kai.

Umma ce ta ba Injiniya labarin bayan an sallame ta.

Kwanakin nan ba ta san akwai irinsu ba. Umma ke yi mata wanka, ke ɗaura mata ɗankwali, ke ba ta abinci a baki kamar 'yar goye. Ita da ko jaka ba ta yarda a ɗaukar mata. Takan zauna ta zuba wa ƙaramin yatsanta da na kusa da shi ido, ta ce su motsa, su yi shiru kamar na wani. Mai Kanti ya zo dubiya sau biyu da ledar lemo, ya zauna a bakin kujera yana kallon takalminsa. Ya sani, ta san ya sani, ba wanda ya ce uffan. Can waje kuwa labari ya bazu cewa keken da Sikeli ya haɗa ne ya karye. 'Yan tsere suka janye ɗaya bayan ɗaya, har ya koma facin taya.

Kullum takan ce yau za ta faɗa wa Baba. Kullum sai ta fasa. Ta ya za ta ce ita, mai digiri, an gargaɗe ta ta ƙi ji? Ta ya za ta ce sandar daga gidan amininsa ta fito?

Da babban yatsan hagu ta lallaɓa ta rubuta wa Sikeli:

"Me ya sa ba ka faɗa wa Baba gaskiya ba?"

"Ba tawa ba ce da zan faɗa. Ya hannun?"

"Yatsu biyu ba sa ji. Likita ya ce wataƙila shi ke nan."

Sai ya turo:

"Takwas ɗin da suka rage sun ishe ni riƙewa, hasken idona."

Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba ko a asibiti.

Rana ta arba'in Baba ya shigo ɗakinta da hantsi. Ya ce ya ga har yanzu tana latsa waya. Ya ce ta goge lambar yaron nan a gabansa, keken kuma za a ba masu sayen tsohon ƙarfe.

"Baba, ka gafarce ni, ba zan goge ba."

Ta durƙusa ta jawo guntayen sandar biyu daga ƙarƙashin gado, ta ajiye a gabansa, ta miƙa masa wayar a kan saƙon da aka turo ana gobe tsere. Ta faɗi komai, ba ta rage wa kanta ko ɗaya ba. Baba ya sa tabarau ya karanta, ya dubi kwanan watan, ya sake karantawa.

"Kwana arba'in," ya ce a hankali. "Kwana arba'in kika bar ni ina zaluntar ɗan mutane, Auta."

Ya kwashi guntayen ya fita. Abin da suka tattauna da amininsa ba wanda ya ji, sai dai tun daga ranar motar aminin ba ta sake tsayawa a ƙofar gidan ba. Ita kuwa in ta gaishe da Baba sai ya amsa wa bango. Wata biyu cur. Ta ce da Umma ko ta sa baki, Umma ta ce wannan ciwon ba ta da maganinsa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Sai wata safiya Baba ya shiga ɗakin ajiya ya fito da tsohon kekensa na zamanin koyarwa, tayoyi a sace, tsatsa ko'ina. Da ƙafa ya tura shi har shagon. Sikeli ya miƙe da sauri har sifana ta faɗi daga cinyarsa.

Baba ya daɗe yana kallon lambobin allin da ke bango.

"Haƙuri na zo ba ka," ya ce, "amma ban saba ba, shi ya sa na haɗo da keke. Ka duba mini shi. In ka gama, ka turo manyanka."

Sikeli ya ce keken zai gyaru, amma a yi masa afuwa ba zai rataye shi a ma'auni ba, yana tausayin ma'aunin. Baba ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin tsere.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da za ta bar gida Baba ya riƙe hannunta na dama, mai tabon, ya daɗe bai saki ba. Ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, ko da kaɗan ce fiye da uwarsu. Umma tana hawaye tana dariya tana cewa amin.

A sabon gidan ta tarar da kekenta a jingine, an mayar masa da tsohon kan, an dawo da birki mai ƙarfi ɓangaren hagu. Da yamma sukan fita tare a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a hankali, yana gefenta na dama.

In baƙi suka tambayi tabon, ba ta kwana-kwana. Takan ce mijinta ya tsaya a kan gaskiyarsa, ya rasa rabin masu kawo masa aiki, har yau ba su dawo ba. Baba ya rasa aminin shekara talatin. Ita kuma ta tsaya a kan tata, ta samu giram casa'in, ta ba da yatsu biyu, kuma ba za ta sake shiga tsere ba har abada. Keken yana nan, kilo goma da giram tamanin, ba wanda ya sake taɓa lambar.