Kafur a Jikin Mai Rai

Ranar Asabar ce. Tun azahar gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen Seri Awan, ana yayyafi, sanyi yana shiga har ƙashi.

A ɗakinsa na gidajen ma'aikata, Hilmi ya yi wanka sau biyu. Ya tsaya gaban madubi yana dirzar wuyansa da tawul, yana neman ragowar farar hoda. Shekara biyu ke nan yana aiki a Gidan Fatalwa na filin wasan da ke kan dutsen. Aikinsa ɗaya ne. A shafe masa fuska da hoda, a zagaye idanunsa da baƙi, a naɗe shi cikin likkafani, ya kwanta a akwatin da manaja ya sa aka barbaɗe da kafur. In baƙi suka iso sai ya miƙe yana tsalle da ƙafafu a ɗaure. Shi ne pocong, fatalwar nan ta gawa mai tsalle cikin likkafani. Mutane su kurma ihu, su fita suna dariya.

Yau shi ne a tsorace. Iyayen Liyana, yarinyar da yake son aura, sun hau dutsen don su gan shi.

Wayarsa ta yi ƙara. Ita ce.

"Yaya, ka fito? Yanzu muka sauka daga motar igiya, wannan mai rataye a sama da ke hawo da mutane dutsen. Mama har yanzu salati take yi."

"Baba fa?"

"Bai ce komai ba." Ta rage murya. "Plis, Yaya, ka tuna yadda muka yi. A sashen kula da baƙi kake. Kar ka ƙara ko kalma ɗaya."

"Liyana, ƙarya ce fa."

"Na sani! A sa rana tukuna, ni da kaina zan gaya masa. In ya ji yau, wallahi tamu ta ƙare."

Gaskiya ta faɗa. Mahaifinta, Haji Ramli, shi ke wankan gawa a ƙauyensu shekara talatin da ɗoriya. Duk namijin da ya mutu a yankin ta hannunsa ya bi. Ya taɓa tsayar da jana'iza ya kori ƙaninsa daga maƙabarta saboda ya yi dariya.

Hilmi ya sa rigarsa shuɗiya, ya ɗaura zanen ado irin na maza a ƙugu, ya kafa baƙar hula. Maɓallin wuya ya ƙi shiga sai a karo na uku.

Gidan abincin yana hawa na ƙarshe na otal ɗin filin wasan, bangonsa duk gilashi. Fararen ƙyallaye a kan tebura, wani mutum yana kaɗa fiyano a hankali. Sun riga shi zama. Ya durƙusa ya kama hannun Haji Ramli da hannu biyu, ya kai goshinsa a kai. Tsohon bai saki hannun da wuri ba. Ya ɗan ja numfashi ta hanci, sannan ya ce, "Zauna."

Hajjah Rokiah, mahaifiyar Liyana, ba ta iya shiru ba. Ta ɗaga cokali mai yatsu tana juya shi.

"Duk waɗannan na mutum ɗaya ne? Uku a nan, uku a can. Ci za mu yi ko ɗinki?"

"Mama!" in ji Liyana.

"To ai tambaya na yi. Ɗana, ka ga motar igiyar nan taku? Ni dai a ƙafa zan sauka ko da zan kwana a hanya."

Mai kawo abinci ta iso, Mei Fong, wadda suke cin abincin rana tare da Hilmi a kantin ma'aikata. Tana ganinsa ta washe baki.

"Au, kai ne? Wallahi ban gane ka ba, ban saba ganinka a tsaye da…"

Ya kafe ta da ido. Ta haɗiye sauran, ta ajiye farantan ta juya da sauri.

A kowane faranti jatan lande biyu ne, an ɗiga musu miya kamar zane.

"Ina sauran?" in ji Hajjah Rokiah. "Ko kyanwa ta riga mu?"

Haji Ramli ya ture cokulan gefe. Ya sa aka kawo masa ruwa a kwano ya wanke hannu. Da aka kawo shinkafa da naman rendang, wanda ake dafawa da madarar kwakwa da yaji, da hannu ya ci, a natse. Sau biyu ya yi magana. Ya tambayi Hilmi garinsu, ya tambayi ko mahaifiyarsa tana lafiya. Hilmi ya amsa.

Sai aka kunna fitilun filin wasan a ƙasa. Gajimaren ya ɗan yaye. Jirgin lilo ya wuce da mutane suna ihu, ga kuma ƙaton allon Gidan Fatalwa daidai tagarsu, da hoton pocong, fuska fara fat, idanu baƙi ƙirin. Hilmi ya san ranar da aka ɗauki hoton.

"A'uzubillahi!" Hajjah Rokiah ta kare fuska da gefen mayafi. "Muna cin abinci!"

Haji Ramli ya daɗe yana kallon allon.

"Yadi biyar na farin alawayyo," ya ce. "Shi ne abin da kowa zai tafi da shi. Wai shi aka mayar abin wasa."

Liyana ta sunkuyar da kai, tana murza ƙyallen tebur a cinyarta.

Tsohon ya juyo ya dubi Hilmi.

"Wa ya rasu muku?"

"Na'am, Baba?"

"Kafur nake ji a jikinka tun da ka gaishe ni. Ba a riga yake ba, a gashinka yake. Wa ya rasu?"

Shi Hilmi ya daɗe da daina jin warin. Ya ji ƙafar Liyana ta taka tasa a ƙarƙashin tebur, ta danna da ƙarfi. Amsa tana nan a bakinsa, mai sauƙi. Kakarsa ta wajen uwa, ko wani abokin aiki. A yi masa ta'aziyya, a kawo kayan zaƙi, a tashi lafiya. Amma hakan na nufin ya kashe mai rai da bakinsa a gaban mai wankan gawa.

"Babu wanda ya rasu, Baba."

"Yaya…" in ji Liyana.

"Wancan hoton ni ne." Bai iya ɗaga hannu ya nuna ba. "Aikina ke nan. Shekara biyu. Kafur ɗin na akwatin da nake kwanciya ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajjah Rokiah ta dafe ƙirji. Ta dubi allon, ta dube shi, ta ja kujerarta baya. "Ke Liyana, wannan kika kawo mana? Mutumin da ke kwana cikin likkafani?"

"Mama, ba kwana yake yi ba, aiki ne! Baba, don Allah, laifina ne, ni na ce ya ɓoye. Baba, ka yi magana mana!"

Kuka ya ƙwace mata. Mutanen teburin kusa suka waiwayo. Mai fiyano ya ci gaba da kiɗansa.

Haji Ramli ya tsoma hannu a kwano ya wanke yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya goge. Ya miƙe.

"Magariba ta yi. Ina masallacinku?"

Hilmi ya shige gaba. Suka sauka hawa biyu ta matakala. Yana jin takun tsohon a bayansa, yana lissafa yadda za a yi: a idar da salla, a ce masa ya fita harkar yarinyar, shi ke nan. A ɗan masallacin otal ɗin su biyu ne kawai. Haji Ramli ya ja salla. Da suka sallame bai tashi ba, bai kuma juyo ba.

"Ta ina suke ɗaure ka?"

"Ta gaba, Baba. Su ƙulle tamau don kar ya kwance in ina tsalle."

"Jahilai. Ta hagu ake ɗaurewa, zarge ake yi, don a samu a kwance a kabari." Sannan ya ce, "Ka taɓa taɓa gawa ta gaske?"

Wannan tambayar ta fi ta farko zafi. Ko Liyana ba ta san amsarta ba.

"A'a."

"Mahaifinka ya rasu, aka ce."

"Shekara uku ke nan." Hilmi ya kafa ido a kan darduma. "Da za a yi masa wanka, yayyena biyu suka zauna a jere suka miƙe ƙafafu, aka ɗora shi a kan cinyoyinsu yadda ake yi. Aka bar mini wajen ƙafafunsa. Aka yi ta kirana. Ina bayan gida na ɓuya. Tsoro nake ji, Baba. Tsoron mahaifina." Hawaye suka zubo masa. "Da na samu wannan aikin na ɗauka in ina kwanciya a ciki kullum tsoron zai fita. Bai fita ba. Har yau ba na iya wucewa ta maƙabarta."

Haji Ramli ya juyo. Fuskarsa ba ta sauya ba.

"Kafur ɗin gawa ana niƙa shi da icen sandal da ruwan fure. Naka na korar kyankyaso ne. Ga hoda kuma a cikin kunnenka na hagu. Tun kafin in tambaye ka na sani."

Hilmi ya kai hannu kunnensa.

"Da ka ce mini wani ne ya rasu, da na yi maka ta'aziyya, na ƙarasa abincina, gobe na aiko maka ka fita hanyar 'yata." Ya dafa gwiwa. "Yanzu ma ban ba ka ita ba. Ba na ba da 'yata ga mai wasa da likkafani. Ba na ba da ita kuma ga wanda zai gudu bayan gida ranar da aka kwantar da ni."

"Na ji, Baba."

"Ba ka ji ba, ban gama ba. Bayana ya gaji. Samarin ƙauyenmu duk tsoro suke ji, babu mai zuwa ya koya. Ka zo ka riƙa zuba mini ruwa. Ranar da ka wanke mutum ka ɗaure shi da hannunka, ka turo manyanka."

Hilmi ya ɗago kai.

"In na kasa fa?"

"In ka kasa ka kasa. Ni ma ranar farko amai na yi." Ya miƙa masa hannu. "Tashe ni."

Da suka koma sama, idanun Liyana sun kumbura. An ajiye musu kayan zaƙi na 'ya'yan itacen duriyan, sun narke a faranti. Ta dubi mahaifinta, ta dubi Hilmi.

"Ke kuma," in ji Haji Ramli, "maganarmu sai mun je gida. Shi ya fi ki tsoro, amma bai yi mini ƙarya ba."

Hajjah Rokiah ta harari Hilmi ta gefen ido.

"To, in zai riƙa zuwa gidana, a gaya masa ya shigo da ƙafa biyu kamar mutane. In ya yi mini tsalle a tsakar gida, da muciya zan tarbe shi."

Liyana ta yi dariya cikin kuka, ta rufe baki da hannu.

Wata bakwai aka yi kafin a sa rana. A cikinsu Hilmi ya zuba ruwa ga mutum huɗu, na biyar shi ya ɗaure. Liyana ta jira, ba ta ƙara saka masa magana a baki ba. Masu neman aure su riƙe wannan. Iyaye sukan yafe wa mutum aikinsa, sukan yafe masa tsoronsa, amma ƙaryar da aka ci abinci a kanta da wuya su manta. Wanda ya faɗi gaskiya ya yi haƙuri, jinkiri kawai zai gani.

Amma duk wannan daga baya ne. Washegari da safe, ruwan ya ɗauke. Hilmi ya linke likkafanin wasan ya ajiye a kan teburin manaja, ya roƙa a mayar da shi wajen duba tikiti a ƙofar lilo. Daga nan ya shiga motar igiya ya sauka gindin dutsen. Bai nufi ƙauyen su Liyana ba tukuna. Motar garinsu ya hau. Ya sayi ruwan fure kwalba ɗaya a tasha, ya daɗe tsaye a ƙofar maƙabarta, sannan ya shiga yana neman kabarin mahaifinsa.