Ƙwayoyi a Cikin Kunun Inna

A Kwandiko akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana son kakarta, Inna Balaraba, ƙwarai. Inna tana fama da ciwon gwiwa, ga kuma ciwon zuciya. In za ta tashi alwala sai ta dafa bango, tana nishi. Yarinyar takan kau da kai don kada a ga hawayenta.

A asibitin Birnin Kudu an ba Inna magani kala biyu, bitamin na ƙarfin ƙashi da ƙwayar zuciya. Inna ba ta iya haɗiyar ƙwaya. Yarinyar ce take murƙushe mata a kunu kullum da safe.

Mata suka riƙa zuwa dubiya. Wata maƙwabciya, A'i, ta kwance bakin zaninta, ta ciro wasu ƙwayoyi.

"Ungo, Inna. Bitamin ne na ƙashi, ragowar na maigidana. Yanzu har gudu yake yi!"

Hajiya Ummussalma ma ta kawo nata, wai na zuciya ne, ɗanta ya aiko mata daga Kano.

Inna ta yi godiya, don ba a mayar da kyautar mai dubiya. Suna fita ta miƙa wa yarinyar, ta ce, "Ajiye can. A'i ko atishawa ka yi sai ta zama likita."

Yarinyar ta tsaya tana kallon ƙwayoyin. Ta ce a ranta, kala biyu sun rage wa Inna ciwo. To, in sun zama huɗu fa? Ai na A'i ma bitamin ne, ba ya cutarwa.

Washegari ta haɗa su duka ta murƙushe, ta ƙara sukari.

Inna ta kurɓa, ta ɓata fuska. "Ke, yau kunun nan kamar an jiƙa alli a ciki."

"Tsamiyar ce, Inna," in ji yarinyar, kanta a ƙasa.

Haka ta yi ta yi har makonni. Inna ta fara yawan ƙishirwa da amai. Ta daina cin tuwo. Wata rana ta dubi jikarta ta ce, "Baiwar Allah, 'yar wane gida ce ke?"

Yarinyar ta shiga bayan rumbu ta yi kuka. Ta zaci ciwon ne ya ƙaru, sai ta ƙara yawan ƙwayoyin.

Ran nan da hantsi Inna ta faɗi a gindin randa. Mahaifin yarinyar, Malam Hambali, ya nemo mota, aka tafi Birnin Kudu har da yarinyar.

Bayan an gwada jini, likita ya ce, "Malam, me take sha?"

Baba ya nuna masa kala biyun.

Likita ya girgiza kai. "Akwai wani abu bayan waɗannan. Sinadarin ƙashi ya yi yawa a jininta, har ya taɓa zuciyarta. Sai na san abin da ta sha zan san yadda zan taimake ta."

Yarinyar ta matso kusa. Ta zaro ƙullin ledar ƙwayoyin daga cikin hijabinta.

"Ni ce, Baba. So nake ta warke da wuri."

Baba ya juyo ya dube ta. Likita ya karɓi ledar, ya duba, ya kira ma'aikata da sauri. Aka sa wa Inna ƙarin ruwa.

Daga baya likita ya zaunar da yarinyar. Ya ce, "Bitamin ma magani ne. In ya yi yawa yana cutarwa. Wani kuma ba ya shiri da maganin zuciya. Amma gaskiyar da kika faɗa ta taimake mu."

Kwanaki yarinyar tana zaune a bakin gado, ba ta ko iya cin abinci. Wata safiya Inna ta buɗe ido, ta kamo hannunta.

"Jikalle, kin rame. Ni ce marar lafiya ko ke?"

"Ki yafe min, Inna."

"Na yafe, 'yar nan. Share hawayen, kada ki jiƙa musu gado."

Baba ya yi dariya, yana goge ido da hannun riga. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Inna ta koma gida da ƙafarta. Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa ba a haɗa magunguna, ko da bitamin ne, kuma ba a shan maganin wani, sai an tambayi likita.