Gizo-gizo a Kwandon Gwaiba

Ihun Barakatu ne ya katse addu'ar da dattawa suke yi a zaure.

A ranar ne magabatan Halliru suka zo neman aurenta. Tun da hantsi aka shigo da kwandon gwaiba daga lambunsa, an rufe shi da ganyen mangwaro, aka ajiye a rumfa. Matan gida suka yi ta tsokanarta, wai ta zo ta buɗe kayan masoyinta da hannunta. Ta durƙusa tana murmushi, ta ɗaga ganyen.

Gizo-gizo ne a ciki, manya, baƙaƙe, masu dogayen ƙafafu. Kafin ta janye hannu biyu sun hau damtsenta, ɗaya ya shige wuyan rigarta.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ɗankwalinta ya faɗi. Ta ratsa zaure ta tsakiyar baƙi, kanta a buɗe, tana yagar rigarta, ta zube a ƙofar gida a sume.

Da ta farfaɗo, muryar Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifinta, ta fara ji. Tana magana da ƙarfi yadda na zaure za su ji.

"Yaya Wali, ka gani da idonka. Kowa a Wudil ya san lalurar yarinyar nan. Wanda zai yi mata wannan wasa tun tana gidanka, me zai yi mata a gidansa?"

Malam Wali ya miƙe. Ya fita ya sallami baƙin da ladabi, ya mayar musu da goronsu.

Gaskiya Gwaggo ta faɗa a abu guda, kowa ya san lalurar. Barakatu tana 'yar ƙarama mahaifiyarta ta rasu, aka kulle ɗakin tsawon damina guda. Wata rana ta samu ƙofar a sake, ta shige tana neman ƙamshin uwarta a jikin filo. Yanar gizo ta lulluɓe gadon gaba ɗaya. Tana hawa, wani ƙaton gizo-gizo ya sauko mata a fuska, iska kuma ta turo ƙofar ta rufe. Sai da rana ta yi nisa aka gano inda take. Tun daga nan, ko yanar ta hango a kusurwa, numfashinta sarƙewa yake yi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi faɗa, an yi dariya. Dariyar ta fi yawa.

Halliru ne kaɗai bai taɓa yi ba.

Mai lambu ne a bakin kogi, maraya, shi da mahaifiyarsa Inna Rabi. Ranar da suka fara haɗuwa an aiki Barakatu sayen tumatir, ta tarar da yanar gizo ta tsallake hanya tsakanin bishiyar gwaiba biyu, mai ita yana zaune a tsakiya. Ta ƙame a wurin, hawaye yana zuba. Halliru ya bar jigon da yake ban ruwa da shi, ya dubi fuskarta, ya dubi yanar. Bai tambaye ta komai ba. Ya ɗauki kara ya naɗe yanar a hankali, ya kai ta can bayan shinge, sannan ya dawo ya ce ta biyo bayansa.

Daga ranar, kullum da safe sai ya bi hanyar nan da kara, ko za ta zo ko ba za ta zo ba.

Sai ta riƙa samun dalilin zuwa.

Amma lokacin ya canja. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, ma'aikata sun samu ƙarin albashi, samari suna ajiye fartanya suna tafiya birni. Gwadabe, ɗan Gwaggo Yelwa, ya zama ɗan kwangila, yana da mota fijo fara da gidan siminti a Sabon Gari. Gwaggo ta daɗe tana cewa gidan nan Barakatu kawai yake jira.

Bayan abin da ya faru, Barakatu ta kwanta zazzaɓi. Ko ƙuda ya taɓa ta sai ta zabura. Da ta ɗan ji sauƙi, Halliru ya zo da la'asar ya tsaya a bayan katanga, don an hana shi zaure. Ta fito ta tsaya nesa da shi.

Ya rame. Ya rantse mata cewa da hannunsa ya tsinke gwaibar, ya wanke kowace ɗaya, ya duba ganyen ciki da baya.

"Na sani," in ji ta. "Ban taɓa zarginka ba."

"To me ya sa ba kya dubana, Baraka?"

Ta murɗa bakin mayafinta.

"Ina rufe ido sai in gan su... Yaya Halliru, rayuwarka lambu ce. Ɗakinku na ƙasa ne, rufin azara. Ko Baba ya yarda, a can zan kwana, a can zan tashi. Ba zan iya ba. Ina sonka, amma ba zan iya ba..."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Idan na gina miki na siminti fa? Mai kwano da silin, fari fat, wanda ko tururuwa ba ta da wurin ɓuya?"

"Da me za ka gina?"

"Ke dai ki jira ni, sanyin idona. Shi kaɗai nake roƙo."

 Ta koma cikin gida tana kuka.

A wancan lokacin Kano gini take yi ba ji ba gani, kuma yashin kogin Wudil ake nema. Tifofin ɗaukar yashi suna layi a gaɓa tun daga safe. Halliru ya bar lambunsa ya shiga cikin masu haƙar yashi. Aiki ne na tsayuwa a ƙarƙashin gaɓa mai tsayi, ana sara ana lodi, ƙasa tana zubo wa mutum a ka. Inna Rabi ta roƙe shi ya bari, ya ce mata na ɗan lokaci ne. Abin da ya samu sai ya mayar bulo. A gefen gidansu ɗaki ya fara tashi.

Barakatu tana jin labarin a bakin mata. Gwadabe kuwa yana zuwa zance da fijonsa, da turare da atamfa. Ba mugun mutum ba ne. Yana ganin yadda take amsa masa da kalma ɗaya, idonta yana wani wuri, sai ya rage zama.

Shi ne ma ya warware maganar. Wata rana ya shiga gaishe da mahaifiyarsa, ya tarar tana ba wata ƙawarta labari suna dariya, yadda ta tara gizo-gizon rumbu a cikin ƙwarya, ta juye su a kwandon lokacin da mata suke wajen girki. Gwadabe ya juya bai ko zauna ba. Kai tsaye ya wuce wajen Malam Wali, ya durƙusa.

"Kawu, uwata ce, ba zan zage ta ba. Amma ba zan auri mace da wannan hanya ba. An zalunci yaron nan."

Malam Wali ya kira 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake ce mata. Ya gaya mata komai, ya ce shi da kansa zai je ya ba Inna Rabi haƙuri, idan har yanzu Barakatu tana son yaron.

"Ina sonsa, Baba."

"Da ɗakin ƙasar?"

"Ko da rumfa ce."

Ba ta iya jira ba. Da safe ta zari mayafi ta nufi kogi. Hanyar tifofi cike take da direbobi da 'yan lodi, budurwa ba ta bi ta nan. Hanya ɗaya ta rage mata, ta cikin lambun Halliru.

Ta tsaya a bakin shinge. Lambun ya zama daji. Ciyawa ta kai gwiwa, tumatir ya bushe a tsaye, gwaiba ta zube tana ruɓewa. Daga reshe zuwa reshe yanar gizo ce, layi bayan layi, raɓa tana ƙyalli a kanta, kowace da mai ita a tsakiya.

 Ta juya za ta koma. Sai ta jiyo waƙar masu lodi daga gaɓa, ta tsinkayi muryarsa a ciki.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar ido kawai. Ta yi bisimilla ta shiga.

Yanar farko ta manne mata a goshi. Ta ji wani abu yana tafiya a bayan hannunta. Ta buɗe baki za ta yi ihu, numfashi ya ƙi fita. Ta ci gaba da tafiya tana kiran sunan Allah, tana kiran sunan uwarta, tana kuka kamar ƙaramar yarinya, har ta faɗo ta ɗaya gefen, gwiwoyinta a kan yashi.

Halliru ya hango ta. Ya yar da shebur ya taho a guje.

"Baraka! Ta ina kika biyo?"

Ta nuna lambun.

Ya dubi lambun, ya dubi yanar da ta lulluɓe mayafinta. Wannan ƙaton namiji, jikinsa duk yashi, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Ta gaya masa komai. Ta ce ya bar aikin nan yau, ba ta son siminti, ba ta son silin, shi take so.

"Har yanzu ina tsoronsu," in ji ta. "Amma na fi tsoron rasa ka."

Ya yi dariya yana share ido. Ya ce ɗakin ya kai linta, kwano kawai ya rage, kuma ya yi wa mai tifa alkawarin ƙarasa makon. Ranar Juma'a zai ajiye shebur, ya koma ya gyara lambunsa.

"Ka yi mini alkawari..."

"Na yi, amaryata. Juma'a."

Ya raka ta gida ta doguwar hanyar tifofi, yana gaba tana baya, 'yan lodi suna yi musu tsiya.

Daren Laraba wayewar Alhamis aka kwana ana ruwa. Da hantsi gaɓar da suke sara ta rufta. Mutum uku ta danne, aka zaro biyu da rai.

Barakatu tana tsince shinkafa Malam Wali ya shigo, hularsa a hannu. Ya tsaya a kanta. Ta dubi fuskarsa, ta ajiye farantin a hankali.

"Baba, gobe ce Juma'a," ta ce. "Ya ce gobe..."

"Uwata, ki yi haƙuri. Allah ya karɓi abinsa."

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna tana kallon hannuwanta, har aka kira azahar, har aka kai shi.

Gwaggo Yelwa ta zo tana kuka tana neman gafara. Barakatu ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ba ta ƙara kalma ba. Wasu matan suka ce ai ba a ɗaura ba, ba ta da takaba, bai kamata ta je ta zauna a gidan makoki ba. Malam Wali ya ce a ƙyale ta.

Ta tafi. Ta wuce sabon ɗakin da ba shi da rufi, ruwan sama ya taru a tsakiyarsa. Ta sunkuya ta shiga ɗakin Inna Rabi, na ƙasa, mai duhu. Ta san abin da ke cikin azarar da ke samanta, jikinta yana gaya mata. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ratsa matan da ke ɗakin ta zauna a gefen tsohuwar, ta ɗora kanta a kafaɗarta.

Wata dattijuwa da ta zo daga Achika ta dube ta, ta tambaya ko 'yar wace ce wannan, mai kuka haka.

Inna Rabi ta jawo Barakatu jikinta, ta gyara mata mayafi.

"Surukata ce," in ji ta. "Matar Halliru."