Hoton Cikin Rabi'u

Ranar da Rabi'u ya fara shiga ɗakin sikanar, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, a wani asibiti a Maraɗi, Sa'adatu ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Ita ce mai sarrafa na'urar, shi kuwa direba ne mai jigila tsakanin Madarunfa da Ɗan Issa.

"An rubuta maka kada ka ci komai," ta ce tana yatsina. "Wannan maiƙon da ke bakinka fa?"

"Ƙosai uku kacal na ci, Madam."

"To je ka ƙarasa sauran. Ka dawo jibi."

Ya dawo jibin da yunwarsa. Tana cike takardarsa ta ga ashe 'yan gari ɗaya ne, sai ta ɗan saki fuska.

Tun farko ciwon ciki ne ya sa aka yi masa hoton ciki na eko, aka hango wani ƙullutu mai ruwa a pankireyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Likita ya ce irin wannan ƙullutu kala-kala ne: wani har tsufa ba ya cutarwa, wani kuma yana rikiɗa ya zama sankara. Hoton sikanar bai raba gardama ba, aka ce sai ya je Yamai an yi masa na IRM, hoton da ya fi nuna komai dalla-dalla. Aka ba shi rana bayan wata uku.

Cikin watannin nan soyayya ta ƙullu. Duk Asabar shi ke kai ta gida a motarsa.

"Tauraruwata, wai me kika gani a jikina?" ya rubuta mata wata rana.

"Direbana, har cikinka na leƙa, ban ga mugunta ba."

Amma akwai Mubarak, mai shagon kayan mota, wanda ya daɗe yana sonta tana share shi. Shi ya bi tasha da majalisu yana cewa Rabi'u sankara gare shi, kwanansa ya ƙare. Zancen ya riga Rabi'u isa kunnen mahaifinta, Alhaji Abarshi.

Ranar da Rabi'u ya je gaisuwa, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, je ka ji da cikinka tukuna."

Sannan ya shiga gida ya sami 'yarsa. "Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki kawo mini sai mai ƙafa ɗaya a kabari? Aure kike so ko takaba?"

"Baba, likita bai ce sankara ba ce."

"Bai kuma ce ba ita ba ce."

Kwana goma Rabi'u bai kira ba. Daga baya saƙo ya shigo: "Ki yafe ni, Sa'a. Alhaji ya yi gaskiya. Ba na son ki aure ni don tausayi."

Ta yi kuka mai isarta, sannan ta rubuta: "Tausayi? Marasa lafiya ashirin nake gani a rana, nawa na aura? Ka je Yamai, matsoraci."

Ya je. Da ya dawo, tare suka shiga wurin likita. Likita ya nuna musu hoton: ƙullutun cike yake da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, bangonsa siriri, ba tsiro a ciki, bai kuma haɗu da bututun gaɓar ba.

"Irin wannan da wuya ƙwarai ya zama sankara," ya ce. "Ba sai an yi aiki ba. In ka ji wani canji ka dawo."

Sa'adatu ta kai hoton gida. Alhaji ya ɗaga shi a rana, a juye ma ya riƙe shi, ya taɓe baki.

"Wannan baƙin abin ne shaidar? Ni ban ga komai ba."

Yayarsa, Gwaggo Inde, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai naka cikin wa ya taɓa leƙawa, Abarshi? Wannan dai an ga nasa. Ko wancan ɗan shagon kake so, mai yi wa rayayye jana'iza da baki?"

Alhaji ya sake duban hoton. Can ya miƙa wa 'yarsa shi ya ce, "Ki ce ya turo manyansa."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura auren. Mubarak ya rufe shago ya ce yana da tafiya Katsina, ba kuma wanda ya tambayi inda yake.

Da za a fita da amarya, Alhaji ya kira ango ya riƙe hannunsa. "Na yanke maka kwana alhali ba ni na ba ka ba. Ka yafe mini, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ga jikokinku."

Rabi'u ya durƙusa ya ce amin. Sa'adatu ma ta faɗa a cikin mayafinta, tana murmushi.